Kaska ce ta kawo cutar, amma wa ya shanye jinin karen?

Duk mai kiwon kare a Katsina ko Daura ya san abin da damina ke zuwa da shi. Ruwa na zama, ciyawa ta tashi, sai kaska ta cika kunnuwa da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya. A yi mako biyu ko uku, karen da ya saba tarbar mai gida tun daga ƙofa sai a tarar da shi kwance a gindin katanga, an ajiye masa tuwo ko kallo bai yi ba. In aka ɗaga leɓensa, dasashin da aka sani ja-ja ya koma fari fat, wani lokaci da ruwan ɗorawa irin na mai shawara. Jiki ya yi zafi rau, fitsari ya yi duhu kalar baƙin shayi. Mafarauta sukan ce kaska ce ta shanye masa jini. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don kaska in ta yi yawa a jikin ɗan kwikwiyo tana iya rage masa jini sosai. Amma babban kare mai kilo 15 ko 20, kaska ashirin ko talatin ba za su zuƙe rabin jininsa cikin kwana huɗu ba.

In aka kai irin wannan kare wajen likitan dabbobi, gefen kunne yake soka da allura, ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya ja shi da wani gilashin har ya yi shimfiɗa siririya, ya bari ya bushe, ya zuba masa rini mai ruwan shuni, sannan ya sa a madubin likita. A cikin wata jar ƙwayar jini sai a hango wasu abubuwa biyu masu siffar ɗigon hawaye, sun haɗa kai ta wajen tsininsu. Wannan ita ce Babesiya, ƙwayar cutar da kaska ke zubawa a jini. Abin da ke ɗaure kai shi ne sau da yawa sai likita ya gaji da zagaya gilashin kafin ya ci karo da ita. Cikin jajayen ƙwayoyi 100 wataƙila ɗaya ce ko biyu ke ɗauke da cutar, wani lokaci ma ba ta kai haka ba. Alhali awo ya nuna jini ya yi mummunar sauka: lafiyayyen kare kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jininsa jajayen ƙwayoyi ne, wannan kuwa ya dawo 15, ko ƙasa da haka. Kaska ba ta sha wannan jinin ba, ƙwayar cutar ma ba ta fasa shi duka ba. Mafi yawansa jikin karen ne da kansa ya hallaka.

Cutar dai ba sabuwa ba ce ga masana. Wani likita ɗan ƙasar Romaniya, Victor Babes, shi ya fara ganin ƙwayar a jinin shanu a 1888. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke ɗaukar ta daga saniya zuwa saniya, kuma wannan ne karo na farko da aka tabbatar ƙwaro mai shan jini na yaɗa cuta, tun kafin a kama sauro da laifin zazzaɓi. A 1895 aka gan ta a jinin karnuka a Italiya.

Rigimar tana farawa ne tun a fata. Ko ƙaya ce ta soki kare, nan take jini zai daskare a wurin, wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, fararen ƙwayoyin jini su taru. Kaska kuwa tana bukatar ta yi kwanaki a maƙale ba a dame ta ba, don haka yawunta cike yake da sinadaran da ke hana jini daskarewa, su kashe ƙaiƙayi, su sanyaya gwiwar fararen ƙwayoyin da suka zo bincike. A wannan ɗan fili da aka kwantar wa da hankali Babesiya ke shiga. Ba ta shiga nan take, sai kaskar ta yi kamar kwana biyu ko uku tana zuƙa, shi ya sa mai cire wa karensa kaska kullum da yamma yana yin aikin da ya fi yadda yake zato. Masu bincike a Birazil sun lura da wani abu: in aka ɗora kaskar kare a jikin ɓeran Masar, karo na biyu ko na uku jikinsa ya koyi yaƙarta, ta kasa ƙoshi, ƙwanta ya ragu. Shi kare kuwa ko sau nawa aka maimaita, jikinsa ba ya koyon wani abin kirki. Kaskar ta daɗe tare da shi, ta san lagonsa. Macen kaska guda tana iya saka ƙwai dubbai a tsagar katanga, kuma ƙwayar cutar tana bi ta ƙwan zuwa 'ya'ya.

Da ƙwayar ta shiga jini sai ta faɗa cikin jar ƙwaya, ta rabu biyu, ta fasa ta, ta fito ta nemi wata. A nan aikin saifa yake. Duk jinin jiki yana ratsa saifa, kuma a cikinta akwai wasu tsaguna da suka fi jar ƙwayar jini ƙanƙanta, sai ta lanƙwashe kafin ta wuce. Wadda ta tsufa ko ta yi tauri sai ta maƙale, wasu manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiya su cinye ta. Haka ake yi kullum a lafiyayyen kare, inda jar ƙwaya ke yin kusan kwana 110 kafin a sallame ta. Ƙwayar da Babesiya ta shiga takan yi tauri, fatarta ta sauya, don haka saifa na kama ta. Zuwa nan komai daidai ne. Matsalar ita ce ɓarɓashin ƙwayar cutar yana yawo a jini yana manne wa jajayen ƙwayoyin da ba su kamu ba. Gubar da fararen ƙwayoyi ke fesawa don kashe cutar ita ma tana taɓa fatar na kusa. Daga nan sai jiki ya fara ƙera antibodi, wato furotin ɗin da ake aunawa daidai da abokin gaba don a yi masa alama, amma wasunsu su riƙa manne wa jajayen ƙwayoyin karen da kansa. Duk wadda aka yi wa alama kuwa, masu haɗiya ba sa tambaya. Saifa ta kumbura har a iya jin ta da hannu a ciki, tana cinye mai cuta da marar cuta. Ɓargo yana bukatar kwana 3 zuwa 5 kafin ya fara turo sababbin ƙwayoyi da yawa, ɓarnar kuwa ba ta jira. Jan sinadarin da ya zube daga ƙwayoyin da suka fashe shi ne ke rina fitsari, wanda hanta ta kasa sarrafawa kuma ya zama shawara. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare su ma suna raguwa ƙwarai, kusan a kowane kare mai wannan cuta.

Wanda ya taɓa jinyar yaro mai zazzaɓin cizon sauro har aka ce sai an ƙara masa jini, ya riga ya ga wannan al'amari. A can ma jajayen ƙwayoyin da ke salwanta ba tare da cutar ta shige su ba sun ninka waɗanda ta shiga. Babesiya da ƙwayar maleriya dangin juna ne, shi ya sa masu nazarin maleriya ke sa ido kan abin da ke faruwa da karnuka.

Ƙarancin jini ma ba shi ne mafi muni ba, don ana iya ƙara wa kare jini ya tashi. Abin da ya fi kisa shi ne hargitsin saƙonni. Fararen ƙwayoyin jini suna magana da juna ta wasu sinadarai da ake kira saitokin: wannan ya ce a ɗaga zafin jiki, wancan ya ce a buɗe jijiyoyi don mayaƙa su wuce, wani ya kira ƙarin taimako daga ɓargo. Zazzaɓin da ke kai kare sama da digiri 40, alhali zafinsa na yau da kullum bai wuce 38 zuwa 39 da ɗan wani abu ba, ba ƙwayar cutar ce ke hura shi ba, umarnin jiki ne. Kasala da ƙin abinci ma haka. In saƙon ya tsaya daidai gwargwado, cuta ta ragu, wasu saƙonnin su biyo baya su ce a tsagaita. In kuwa ya wuce kima, jijiyoyi su saki, ruwa ya riƙa tsiyaya daga cikinsu zuwa huhu, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ƙoda ta daina tace fitsari, sukarin jini ya sauka, wani karen ya fara farfaɗiya don abin ya taɓa ƙwaƙwalwa. An ƙona rumbu garin kashe ɓera. A tsangayar likitancin dabbobi ta Onderstepoort da ke Jami'ar Piretoriya a Afirka ta Kudu, inda aka fi ko'ina nazarin wannan cuta, an auna jinin karnukan da aka kwantar, aka ga waɗanda suka mutu sun fi waɗanda suka rayu yawan wasu daga cikin saitokin masu hura wuta, irin su IL-6. Ba rashin faɗa ne ya kashe su ba.

Ba kowace Babesiya ce ke tayar da wannan ƙura ba. Wadda kaskar gida mai ruwan ƙasa ke ɗauka, Babesiya vogeli, tana da sauƙi ga babban kare, 'yan kwikwiyo ta fi wahalarwa. Babesiya rossi, wadda wata kaskar daji mai ruwan ɗorawa ke ɗauka, ita ce mai kisa, kuma an tabbatar da ita a karnukan Najeriya, musamman a gwaje-gwajen da aka yi a jihar Filato. Abin sha'awa, a Afirka ta Kudu an samu diloli da yawa ɗauke da ita a jininsu suna harkarsu lafiya lau. Ƙwaya ɗaya ce, dila ya zauna da ita ba hayaniya, kare kuwa ya tayar da yaƙin da zai ci shi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne dila da wannan ƙwaya sun yi dubban shekaru tare a Afirka har sun saba, kare kuma baƙo ne a wajenta.

Wannan ya kawo mu ga maganar da ake yawan yi a majalisar mafarauta, cewa karen gida ba ya ciwo, na Turawa ne rago. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Karen da ya kamu ya warke, sau da yawa ƙwayar ba ta fita daga jikinsa gaba ɗaya. 'Yar kaɗan takan rage, saifa na danne ta, ita kuma tana sa garkuwar jiki a faɗake, ta yadda in sabuwar kaska ta kawo irinta ba za ta yi tasiri ba. Edmond Sergent da abokan aikinsa na Cibiyar Pasteur a Aljeriya sun fayyace wannan yanayi tun a 1924. A wani gwaji da aka wallafa a Birazil a 2003, karnukan da aka yi wa allurar da ta share ƙwayar tas sun fi saurin sake kamuwa a kan waɗanda jikinsu ya danne ta da kansa. To karen unguwa da ya girma cikin kaska yana da wannan riga. Sai dai a tuna da waɗanda ba a ƙirgawa. Karya ta haifi bakwai ko takwas, nawa ne ke kai shekara? Wanda muke gani yana bin zomo a guje shi ne ya tsira daga tankaɗen da ya ci 'yan'uwansa, kuma ba wanda ya kai gawarsu asibiti balle a san me ya kashe su. Karen da aka sayo daga Legas ko Jos da kuɗi masu yawa aka ajiye a gidan wani babba a GRA, shi mutuwarsa ce ke yin ƙara.

Duk da haka jinsi yana da nasa tasiri. Kaskar gida ɗin nan tana ɗauke da wata cutar ta daban, Erlikiya, wadda ke zama a cikin fararen ƙwayoyin jini, an fara gano ta a Aljeriya a 1935. A lokacin yaƙin Biyetnam ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa, galibinsu irin karen nan na Jamus da muke ce wa karen 'yan sanda, kuma bincike ya nuna wannan jinsi yana da rauni a ɓangaren garkuwar da ake bukata don yaƙarta. Sau da yawa kaska ɗaya ke kawo cututtukan biyu tare, shi ya sa wani karen ake masa allurar Babesiya ya ɗan farfaɗo ya sake komawa.

Zaman lafiyar da ke tsakanin kare da ragowar ƙwayar Babesiya kuma ba dawwamamme ba ne. Yunwa, ciki, wata cutar, ko wahala mai tsanani na iya karya shi. Bayan kaka in an shiga rani, a loda karnuka a mota, a yi kwanaki a daji ana gudu cikin ƙishirwa, a dawo wani ya kwanta da farin dasashi alhali ba a ga kaska ko ɗaya a jikinsa ba. Tsohuwar ce ta tashi. Karen da aka cire wa saifa kuwa, ko wadda ba ta da ƙarfi tana iya kashe shi.

A nan ne nake da ja da yadda muke ba da magani. Kowa a kasuwar dabbobi, daga Mai'aduwa har Charanchi, ya san Berenil, garin nan mai ruwan ɗorawa da ake damawa a yi wa shanu allurar sammore. Sinadarinsa, diminazin, yana kashe Babesiya a jikin kare, gaskiya ne. Amma ƙulli ɗaya mai giram 2.36 an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Kare mai kilo 15 kashi ɗaya cikin ashirin na ƙullin yake bukata, sau ɗaya tak, kuma tazarar da ke tsakanin magani da guba a jikin kare ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mai kare ya yi allura yau, gobe ya ga dasashi na nan fari, ya ce bai ji ba, ya ƙara. Bai san ƙwayar ta riga ta mutu ba, saifa ce ba ta daina cin jini ba tukuna, ɓargo kuma bai kawo sabo ba. Allura ta biyu sai ta taɓa ƙwaƙwalwa: bayan kwana ɗaya zuwa uku kare ya fara tangaɗi, idanu na rawa, ya faɗi yana shure-shure. Ba shi da makari. Wasu ma sai su ce haukan kare ne ya kama shi.

Akwai wata cutar da ta fi kowace nuna cewa yawan martanin garkuwar jiki daban, dacewarsa daban. Lishmaniya ke nan, wadda wani ɗan ƙuda mai cizon dare, da bai kai sauro girma ba, ke yaɗawa. Ta fi yawa a karnukan ƙasashen bakin Bahar Rum irin su Sifaniya da Italiya, da Birazil, ana kuma samunta a Senegal. Dabararta ita ce ta bari masu haɗiya su haɗiye ta, sannan ta yi zamanta a cikinsu tana hayayyafa. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka nuna a jikin ɓeraye cewa wasu fararen ƙwayoyin jini masu ba da umarni, da ake kira ƙwayoyin T, iri biyu ne. Kashi na farko suna umartar masu haɗiya su kashe abin da ke cikinsu da guba. Kashi na biyu suna tura jiki wajen ƙera antibodi da yaƙar tsutsotsi. Karen da jikinsa ya bi hanya ta farko yakan danne Lishmaniya, ya rayu da ita ba alamar ciwo, kuma a yankunan da cutar take irin waɗannan su ne suka fi yawa. Karnukan farauta na tsibirin Ibiza sun yi suna a kan haka. Wanda jikinsa ya karkata ga hanya ta biyu kuwa sai ya cika jini da antibodi, waɗanda ba sa iya isa ga ƙwayar da ke ɓoye a cikin tantanin jiki. Su haɗu da ɓarɓashin cutar su dunƙule, dunƙulen su je su toshe matatar ƙoda, furotin ya riƙa zuba a fitsari. Lalacewar ƙoda ita ce ta fi kashe irin waɗannan karnuka. A wannan cuta, in gwaji ya nuna antibodi ya yi yawa sosai, likita ba murna yake ba.

Shi ya sa nake jin wani iri in na ga ana tallar wani ruwa ko gari da sunan yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki, na mutum ne ko na dabba. Wane ɓangare zai ƙara? Karen da saifarsa ke cinye jininsa ƙari yake bukata ko ragi?

Ƙazuwa ma darasi ce ta fuska biyu. Akwai mai ƙaiƙayi, wadda ƙwaronta ke haƙa rami a fata, ta fi kama gefen kunne da gwiwar hannu, tana yaɗuwa tsakanin karnuka har ta ɗan taɓa mutanen gida. Ƙwarin ba su da yawa, wani lokaci a kankare fata sau da dama ba a samu ko ɗaya ba, amma kare na susa har jini, don jikinsa ne ya tsani yawu da kashin ƙwaron. Akwai kuma wadda gashi ke zubewa a zagayen ido da baki da ƙafafu ba tare da susa sosai ba. Ƙwaron wannan, Demodeks, kusan kowane kare yana da shi a ramin gashi, a wajen uwarsa ya samo shi a kwanakin farko na shan nono, ƙwayoyin T ne ke hana shi yawa. In ya ɓarke, alama ce wani abu ya raunana su: ƙuruciya, tsutsar ciki, yunwa, gado, ko magani. Maganin da na fi nufi shi ne deksa. Ana son sa don yana kashe susa, ya sauke zazzaɓi, ya buɗe ciki, kwana biyu kare ya zama kamar ya warke. Aikinsa kuwa danne garkuwar jiki ne. A ba mai Demodeks, bayan makonni fata ta koma gyambo da ruwan mugunya, a zo kuma a shafe shi da baƙin mai, wanda ke ƙona fata, kare ya lashe ya shiga cikinsa. Abin lura, dangin wannan magani ne likita kan ba wa karen da garkuwarsa ke cin jininsa bayan Babesiya, na ɗan lokaci kuma bisa awo.

Sammore ba ta cika damun karen da ke zaune a Katsina ba, don ƙudan tsando ya fi son dazuzzuka masu duhuwa da rafuka na can kudu da mu. Amma karnukan farauta suna tafiya, kuma kare na iya kamuwa ta cin ɗanyen naman dabbar da ke da cutar. Alamarta a kare ta haɗa da kaluluwa, rama, kumburin fuska, da idon da ke yin fari kamar an shafa masa hazo. Ita ƙwayar sammore ba ta ɓuya, a fili take iyo cikin jini, sanye da rigar furotin iri ɗaya kusan miliyan 10. Jiki ya ɗauki kamar mako ya ƙera antibodin da ya dace da rigar, ya kashe mafi yawansu, sai 'yan kaɗan da suka riga suka sauya riga su hayayyafa. Tana da tsarin riguna fiye da 1,000 a ajiye. Tun a 1910 Ronald Ross da David Thomson suka riƙa ƙirga ƙwayar kullum a jinin wani majinyaci a Libaful, suka ga tana hawa tana sauka kusan mako-mako, zazzaɓi na bin ta. Wannan tsere yana gajiyar da ƙwayoyin B masu ƙera antibodi har su manta abin da suka sani a da. An nuna a shanu da ɓeraye cewa dabbar da ke da sammore ba ta karɓar allurar rigakafin wasu cututtuka yadda ya kamata. Har yau babu rigakafin sammore ɗin kanta, duk da shekarun da cibiyoyi irin ta binciken sammore da ke Kaduna suka yi a kanta.

Tsutsar ciki kuwa ta fi ƙarfin a haɗiye ta, don haka jiki wata hanya yake bi, ta kashi na biyun nan na ƙwayoyin T: hanji ya ƙara yauƙi, ya ƙara motsi, wasu fararen ƙwayoyi su manne wa tsutsar suna zuba mata guba, a tura ta waje. Babban kare yakan iya wannan daidai gwargwado. Doguwar farar tsutsar nan da ake gani a kashin kwikwiyo ko amansa, Toksokara, in kare ya wuce wata shida galibin 'ya'yanta ba sa kai wa ga hanji. Jiki yakan tsare su a tsoka da hanta da ƙoda, ya gina musu ɗan ƙulli ya rufe. Ba su mutu ba fa, suna nan har shekaru. Karya na ɗaukar ciki na kusan kwana 63, to daga wajen kwana na 42 sai su farka, su bi ta mahaifa su shiga 'ya'yan. Wato an haifi kwikwiyo da tsutsa tun bai taɓa ƙasa ba, kuma yana mako uku ta fara saka ƙwai a cikinsa. Ƙaramar tsutsa mai ƙugiya, wadda ke kama bangon hanji tana shan jini, ita ta nono take biyowa. Yawunta na hana jini daskarewa, har da wani sinadari mai hana fararen ƙwayoyi isowa wurin. Guda ɗaya na iya jawo asarar kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita a rana. A ce guda 100 ne, mililita 10 ke nan kullum, a jikin kwikwiyo mai kilo ɗaya da duk jininsa bai kai mililita 100 ba. Shi ya sa ake ganin 'yan mako biyu ko uku suna baƙin kashi kamar kwalta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tun kafin ƙwan tsutsar ya fara fita a kashi balle gwaji ya gan shi.

An taɓa yin rigakafin wannan tsutsa mai ƙugiya. An fito da shi kasuwa a Amurka a 1973, aka janye shi a 1975. Yana hana kare galabaita, amma ba ya hana 'yan tsutsotsi kaɗan zama su yi ƙwai, masu karnuka kuma in an ga ƙwai a gwaji sai su ce allurar ba ta aiki.

Ɗan kwikwiyo da garkuwar aro yake fara rayuwa. Mahaifar karya ba ta barin antibodi ya wuce sai ɗan kaɗan, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, sauran duk a dakashi yake, kuma hanjin jariri yana iya tsotse shi ne a sa'o'i 12 zuwa 16 na farko, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe. Uwar da ta sha fama da kaskar unguwa tana miƙa wa 'ya'yanta kariyar da za ta riƙe su 'yan makonni, amma wannan kariya ba ta hana tsutsar da ta biyo ta cikin nonon. Don haka likitoci ke cewa a fara ba 'yan kwikwiyo maganin tsutsa suna mako 2, a maimaita a mako na 4 da na 6 da na 8, a haɗa da uwar, ba sai an ga alama ba. Wannan ya shafi yaran gida ma. Macen Toksokara na iya saka ƙwai 200,000 a rana, kuma in yaro mai wasa da ƙasa ya haɗiye su, 'ya'yan tsutsar kan yi yawo a hantarsa, wani lokaci su kai ido. Ƙwan ba ya iya kama kowa ranar da ya fito, sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa mai danshi, bayan haka kuma yana iya yin watanni yana jira. Kashin da aka kwashe a ranar aka binne da zurfi ko aka ƙona, ƙwansa bai samu wannan lokaci ba.